Baƙin Hunturu a Fadamun Jigawa



A can ƙuryar arewacin duniya, a Norwe da Finlan da Siberiya ta ƙasar Rasha, akwai filayen da sanyi ya hana bishiya tsayuwa. Ƙanƙara ce ke rufe su mafi yawan shekara. In lokacin ɗumi ya zo, rana kan yi makonni ba ta faɗi ba. Sai masu yawon buɗe ido su kwashi kuɗi su tafi, wasu su yi tattaki, wasu su shiga kwalekwale, wasu kuma su raɓe da madubin hangen nesa suna kallon tsuntsaye a sheƙarsu.

To, wasu daga cikin tsuntsayen nan baƙinmu ne. Da sanyi ya matsa musu, sai su keto Turai, su tsallake Bahar Rum da Sahara, su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Ku leƙa gonar shinkafa bayan girbi, za ku ga ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kala. Wani ma da zobe a ƙafarsa, wanda masu bincike suka maƙala masa don bin sawun tafiyarsa.

Duniya ta san da wannan arziki. Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona, wani yanki na wannan dausayi, a 1989. A 2008 aka sa Baturiya, da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma, cikin jerin dausayi masu muhimmanci a duniya. Kogin da ke shayar da wurin kuwa, shi ne wannan da ya ratsa ƙasar Ringim. Amma ɗalibai nawa daga Ringim ko Taura ko Dutse aka taɓa kai wa can?

Wurin kuma yana fama. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malala. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ga masu saran itace, ga masu harbi ba ƙaidi. In ruwa ya janye, tsuntsu zai canza masauki, amma masunci da manomi da makiyayi ina za su nufa?

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha ta gyara hanyar zuwa Baturiya, ta tanadi masauki, ta horar da matasan yankin su zama 'yan rakiya. Masunci mai kwalekwale zai samu na cefane, mai abinci ma ta yi ciniki. Shugabannin makarantu su shirya ziyara tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da baƙin suka fi yawa. Iyayen ƙasa kuma su ja kunnen maharba.

Mai sauraro, gani ya kori ji. Bana in hunturu ya kama, ɗauki yaranka ka kai su Baturiya.