Fenti Ba Ya Maganin Danshi, Mu Buɗe Tagoginmu



Duk shekara, da zarar ruwan Yuni da Yuli ya kankama gari ya ɗau sanyi, kuka ɗaya ake ji daga Agege har Idi-Araba da Mile 12: bango ya yi baƙi, katifa tana wari, takalmin sallah ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, tarin yara ya ƙi ƙarewa. Sai mu ce ai sanyin Kudu ne, ko mu ɗora wa mai gida laifin gaba ɗaya. Mai gida yana da nasa, za mu zo kansa. Mu fara da namu.

Mun taho da al'adar gida mun dasa ta inda ba ta dace ba. A Kano ko Sakkwato, iskar hunturu busasshiya ce, har leɓe da ƙafa su tsage. Ka rufe taga ka toshe kafa da tsumma, ƙura da sanyi kawai ka tare. A Legas kuwa danshin iska da damina yakan haura kashi 80 cikin 100. Duk wanda ya garƙame ɗaki a nan, ruwa ya kulle a ciki.

Ruwan nan da muke gani yana tsiyaya a gilashin taga da asuba, daga cikin ɗakin ya fito. Numfashin mutum shida da suka kwana ne, da tururin tukunyar da aka dafa a kan risho ko gas a bakin gado, da wankin da aka shanya a igiya saboda ana ruwa a waje. Iska mai ɗumi tana riƙe tururi, in ta taɓa gilashi ko bango mai sanyi sai ta sauke shi ya zama raɓa. Bayan 'yan kwanaki fumfuna ta kama bayan wadrob da ƙasan ledar ɗaki. Ita ce mai asma da jariri ke shaƙa dare da rana, mu kuma muna ta jigilar maganin tari daga kemis.

Mafi muni su ne masu shigo da gawayi ɗaki don a ji ɗumi ko a busar da kayan jariri. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda hayaƙin janareto ke kashe iyali da ita cikin barci. Wannan ba abin jayayya ba ne, a daina.

In ruwa ya tsagaita a buɗe taga da ƙofa, a ɗage labule, iska ta ratsa. A rufe tukunya in ana girki, in da hali a yi shi a baranda. A goge gilashin taga da safe. A janye gado da wadrob daga jikin bango ko da faɗin tafin hannu ne, katifa kuma ta sha rana duk ranar da ta fito. Masu tsoron sauro su sa raga a taga, ba kwali ba.

To, masu gidajen haya. Danshin da ke tasowa daga ƙasan bango, ko tabon da ke faɗaɗa a silin bayan kowane ruwa, ba numfashinmu ba ne. Kwano ne ke yoyo, ko bututu ya fashe, ko gwata ta toshe ruwa ya kwanta a gindin gini. Abin da da yawansu ke yi shi ne su shafa sabon fenti a kan baƙin, su karɓi kuɗin shekara, har da na ejan. Wata biyu fentin ya kumbura ya ɓare. Abin takaici, cikin masu yin haka har da 'yan uwanmu da muke sahu ɗaya a masallaci.

Muna kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin ƙungiya su sa baki. Kafin ɗan uwa ya biya kuɗin ɗaki, a raka shi ya duba bayan ƙofa, ya shafa ƙasan bango, ya tambayi maƙwabta yadda gidan yake a watan Yuli. Gyaran yoyo kuma a rubuta shi cikin yarjejeniya cewa na mai gida ne.