SlamBall: Wasan Da Ake Yin Karo A Sama



A hutun da ya wuce wani ɗan bidiyo ya yi ta yawo a wayoyinmu a nan Daura: ƙato ya taka wani abu ya yi sama har kansa ya kai kwandon ƙwallo, wani ƙaton ya tashi ya tare shi a can, suka gwabza suka zubo. Wasu a majalisarmu suka rantse haɗin kwamfuta ne. Ba haɗi ba ne. Wasa ne mai suna SlamBall, kuma ya girmi da yawa daga cikinmu.

Wani matashi mai suna Mason Gordon ne ya ƙirƙiro shi a birnin Los Angeles na Amurka a 1999. Burinsa shi ne mutane masu jini a jika su yi irin tsallen da ake gani a wasan gem. Sai ya ɗebo daga wasanni daban-daban: kwando da ƙwallo daga ƙwallon kwando, bangaza daga ƙwallon zari-ruga ta Amurka, katangar fili da canjin 'yan wasa ba tare da an tsaya ba daga wasan hoki na ƙanƙara. Abin da ya ɗinke su wuri guda shi ne tarampolin, wato shimfiɗa mai ƙarfi da aka ɗaure da sifirin ta kowane gefe, in ka dira a kanta ta cilla ka sama. Ita kanta tana da gasarta, wadda ta shiga wasannin Olamfik a Sydney a 2000.

Gordon ya samu goyon bayan Mike Tollin, mai shirya finafinai, aka fara nuna gasar a tashar TNN a 2002 da ƙungiyoyi shida, ƙungiyar Rumble ta ɗauki kofi. Daga nan wasan ya yi ta mutuwa yana farfaɗowa: ya ɓace bayan 2003, ya leƙo a 2008, ya koma Sin na wasu shekaru, sannan ya dawo Las Vegas a Yulin 2023 a tashar ESPN. A wannan kakar ƙungiyar Mob ta cinye wasanninta kaf.

Filin yana da tsawon ƙafa 96 da faɗin ƙafa 64, an kewaye shi da katanga mai kama da gilashi. A gaban kowane kwando akwai tarampolin huɗu da aka saka daidai da daɓen fili. Kowace ƙungiya mutum huɗu take sawa: akwai mai rarraba ƙwallo, da masu kai hari, da mai tsaron kwando, wanda aikinsa ya tashi ya tare duk wanda ya taso. In ka danƙara ƙwallo cikin kwando da hannunka, maki uku. In ka jefa ta daga kan tarampolin, biyu. A 2023 aka ƙara layi mai nisa wanda jifa daga bayansa maki huɗu ce. Wanda aka yi wa ƙeta kuwa ba jifar kyauta ake ba shi ba, ware shi ake yi da wanda ya yi masa laifin, ɗaya ya taso da ƙwallo, ɗaya ya tare. Mu dai a ganinmu nan ne wasan ya fi daɗi.

Amma dokokin da bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nunawa su ne suka fi damunmu. An yarda ka bangaji mai ƙwallo a tsakiyar fili, amma ba ta baya ba. Ba a ture mutum lokacin da yake shirin dira a kan tarampolin. 'Yan ƙungiya ɗaya su biyu ba sa haɗuwa a kan tarampolin guda, domin dirar ɗaya tana canza tashin ɗayan, kuma wanda ya riga ya bar ƙasa ba shi da birki. Ga hular kariya, ga matashin gwiwa da na gwiwar hannu, ga soso a gefunan ƙarfe. Duk da haka ana karyewa.

Dalilin kawo wannan magana shi ne ƙannenmu. Mun daɗe da sanin yaran da ke binne tsohuwar taya a yashi suna taka ta suna alkafura. Tun da bidiyon ya zo sai suka ƙara da bokiti marar gindi a jikin bishiya, da mai tarewa a sama. A unguwarmu wani ɗan aji biyar na firamare ya sauka a kan hannunsa, ya yi mako shida da ɗori, a hannun da yake rubutu da shi, ga jarrabawa ta matso. Tsallen suka kwaikwaya, dokar ba wanda ya gaya musu. Mu da muka tura musu bidiyon ba za mu wanke kanmu ba.

Kuma in tsalle da karo ake so, ai muna da langa. Ƙafa ɗaya a hannu, ɗaya a ƙasa, ana ture juna, ana kare ruwa har ya je ya sha. Yashi kawai take buƙata, kuma wanda ya faɗi daga tsayuwarsa ya faɗi, ba daga saman kwando ba. Ana yin ta a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, amma makarantu nawa ne a masarautar nan ke sa ta a gasar gidaje? Ko ƙirƙirar sabon wasa ma ba sai Ba'amurke ba: Elias Yusuf ya fito da Abula a Nijeriya a 1984, ya tsara mata dokoki, ga ta nan ana bugawa.

Shawararmu ga shugabannin ɗalibai masu kula da wasanni: ku zauna da malamin motsa jiki a zangon nan, ku rubuta dokokin langa a takarda ɗaya, inda ake turewa da inda ba a taɓawa, da wanda zai yi alƙalanci, ku liƙa a allon sanarwa, sannan aji ya kara da aji. Makarantar da ta fara ta aiko mana da sakamakon, za mu buga shi a wannan shafi.