Wane ne gwarzon masu tsaron tsakiya a wasan besbol?

A watan Mayun 2024, hukumar wasan besbol ta Amurka, watau MLB, ta shigar da alƙaluman gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 cikin kundin tarihinta. Matakin ya taɓo tsohuwar muhawara game da wanda ya fi kowa a gurbin da ake kira shotstof.

Mai riƙe da gurbin yana tsayawa ne tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ke yawan bi ta ƙasa da gudu, saboda haka sai mai zafin nama da ƙarfin jifa.

Galibin masana suna sa Honus Wagner na Pittsburgh a gaba. Sau 8 yana zama zakaran bugu a gasarsu, kuma yana cikin mutum 5 na farko da aka zaɓa zuwa Zauren Gwarzayen wasan a 1936. To amma ya yi ritaya ne a 1917, shekara 30 kafin Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata, don haka bai taɓa karawa da baƙar fata a wasan gasa ba.

Wanda ake kwatanta shi da shi a wancan zamani, John Henry Lloyd, baƙar fata ne. Gyaran 2024 bai share masa hawaye sosai ba, domin tashensa kafin 1920 ne, shekarun da ba a lissafa ba.

A cikin 'yan baya-bayan nan, Cal Ripken na Baltimore ya buga wasa 2,632 a jere, Ozzie Smith kuma ya samu lambar yabo ta tsaro sau 13. Derek Jeter na New York Yankees ya ci kofin World Series sau 5, ya kuma samu ƙuri'a 396 cikin 397 a zaɓen shiga Zauren a 2020, ko da yake alƙaluman zamani na nuna tsaronsa bai kai sunansa ba.

Alex Rodriguez ya fi su duka ƙarfin bugu, amma ya bar gurbin a 2004 da ya koma ƙungiyar Jeter. An kuma dakatar da shi kakar 2014 baki ɗaya saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Daga 2022 zuwa 2025 bai kai kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u ba, alhali ana bukatar kashi 75.