Crash Team Racing: Gem ɗin 1999 da ba ya neman data ko katin banki

A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, a ƙoƙarin gwamnatin Aminu Bello Masari na toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun bayanai. Abin da ya dami jama'a a lokacin shi ne yadda za su ji lafiyar 'yan uwa da yadda za su tura kuɗi. Ba wanda yake ta wasa.

Sai dai matakin ya bankaɗo wani ƙaramin abu da ya kamata a tsaya a duba. Wasannin da matasa suka fi rungumewa a waya, irin su Free Fire da PUBG, sun mutu murus a ranar da sabis ya ɗauke, domin ba sa motsi sai da intanet. Amma duk mai tsohuwar PlayStation a ƙarƙashin gado, da faifai ko da ya sha ƙarzuwa, wutar lantarki kaɗai yake buƙata. Cikin faya-fayan da ake iya samu a irin wannan kwali akwai Crash Team Racing, wanda ake taƙaitawa da CTR, gem ɗin tseren 'yan ƙananan motoci da ya fito a 1999.

Kamfanin Naughty Dog da ke Kalifoniya a Amurka ne ya ƙirƙiro Crash a 1996. A lokacin Nintendo na da Mario, Sega na da Sonic, PlayStation ta Sony kuwa ba ta da wata halitta da yara za su gani su ce ga tambarinta. Crash ne ya cike wannan gurbi, duk da cewa ba mallakar Sony ba ne. Dabba ce ta ƙasar Ostireliya mai suna bandicoot, mai kama da gafiya, amma launin ruwan goro da dogon bakinsa sun sa yara da dama sun ɗauka dila ne sanye da shuɗin wando.

Bayan wasanni uku na tsalle-tsalle, sai kamfanin ya ɗora shi a mota. Ba a ɓoye yake ba cewa Nintendo aka kwaikwaya: Super Mario Kart ya fito tun 1992, Mario Kart 64 a 1996, Diddy Kong Racing a 1997. Sai dai a Arewacin Najeriya kwaikwayon ya fi na asalin suna, kuma dalilin na aljihu ne. Nintendo 64 da kaset take aiki, mai tsada da wuyar kwafa. PlayStation kuwa faifan CD ne, da zarar mai gyara ya dasa mata 'yar na'ura a ciki, za ta karanta kwafin da ake sarowa daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari a Kano a kan kuɗi kaɗan. Satar fasaha ce, ba shakka. Amma ba don ita ba da yaron karkarar Katsina bai taɓa ganin Crash ba.

Labarin gem ɗin shirme ne, kuma masu shi sun san da haka. Wani tsohon baƙo daga wata duniyar, Nitros Oxide, ya sauko yana cika bakin babu wanda ya kai shi gudu, ya ce idan gwanin duniya bai cinye shi ba zai mulmule duniyar da siminti ya mayar da ita wurin ajiye motoci. A tseren ƙarshe ma maguɗi yake yi, yana tashi kafin a ba da koriyar fitila. Ba a cika samun yaron da ya damu da wannan labari ba, tunda da Turanci ake ba da shi, kuma mai jiran layi a bayanka ba zai bari ka tsaya kallon fim ba.

Gidan gem na wancan zamani, a gari irin Dutsin-Ma, bai wuce shago ɗaya ba: benci, talabijin mai ƙeya, labule a ƙofa, da ƙaramin janareto yana kuka a waje saboda NEPA ba abin dogaro ba ce. Ga yaron ƙauye kamar Dabawa, shigowa gari ranar kasuwar Laraba ko lokacin bikin Sallah ita ce damar leƙa irin wannan wuri da 'yan canjin da ya tara. Kuma gaskiya ita ce ƙwallo ce sarauniya a can. Winning Eleven mai sharhi da Japananci, wadda kowa ke ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot, ita ke cinye rabin yini. Sai Tekken da Mortal Kombat. CTR na ƙanne ne, ko na lokacin da manya suka gaji da gardamar fenariti.

To amma wanda ya raina shi bai riƙe hannun gem ɗin da kyau ba.

Sabon shiga zai iya danna totur kawai ya zagaya, ya fasa akwati, ya samu roka ya harba wa na gabansa, ya yi dariya. Wannan shi ne saman ruwa. A ƙasa akwai dabarar da ta raba gwani da ɗan koyo. Idan za a sha kwana, sai a danna maɓallin kafaɗa motar ta yi ɗan tsalle, a riƙe shi tana zamewa a karkace. Hayaƙin salansa zai fara canzawa, da ya yi baƙi sai a taɓa ɗaya maɓallin kafaɗar, motar ta zabura. Ana iya yin haka sau uku a zamiya ɗaya, kuma ta ukun ta fi ƙarfi. Wanda ya yi gaggawa ya yi asara, wanda ya yi jinkiri dama ta wuce shi. Haka kuma duk tsallen da mota ta daɗe a sama, tana dira da ƙarin gudu, don haka gwani ba ya barin ko ɗan tudu ya wuce shi a banza. Wanda ya iya haɗa waɗannan zai yi zagaye guda wuta na fita a salansarsa ba ta mutu ba.

Akwai kuma 'ya'yan itacen da ake tsinta a hanya, Wumpa. Idan suka kai goma, gudun mota na ƙaruwa, makamai ma su ƙara ƙarfi. Jan akwatin TNT da ke hawa kan mutum yana ƙirga lokacin fashewa, wanda ake iya kakkaɓewa da tsalle, sai ya koma koren Nitro mai tashi nan take. Filayen tsere 18 ne, daga bakin teku na Crash Cove zuwa Sewer Speedway mai ɓoyayyar hanyar yanke da ake shafe makonni ana koyo, zuwa Hot Air Skyway inda kuskure ɗaya ke jefa mutum cikin sarari.

Ba a sayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗan mai kuɗi zai iya sayen lokaci fiye da ɗan talaka, amma ba zai iya sayen gudu ba. Abin da ke cikin faifan a ranar farko shi ne a cikinsa har abada. Shi ya sa jita-jitar cewa akwai wasu lambobin sirri da ke buɗe Oxide a tuƙa shi ta daɗe tana yawo a tsakanin yara a ƙasashe da dama, alhali babu su. Wanda lambobin sirri ke buɗewa da gaske wani ɗan tsuntsun ƙanƙara ne, Penta Penguin.

A watan Yunin 2019 kamfanin Activision, wanda yanzu ke hannun Microsoft, ya fitar da sabon zubi mai suna Nitro-Fueled, aikin kamfanin Beenox na Kanada. An ƙawata shi sosai, tuƙin na nan yadda yake, har Oxide ma an ba da damar tuƙa shi. Amma an ƙara masa kanti a ciki, inda ake sayen sababbin direbobi da fenti da kaya da wasu sulalla, kuma kantin sai da intanet. Makonni kaɗan da fitowarsa, bayan masu sharhi sun gama yabo, sai aka buɗe hanyar sayen sulallan da kuɗi na gaske. A yi adalci, abin da ake saya ado ne, ba ya ƙara wa mota gudu. Duk da haka bambancin zamani biyu ya fito fili: na 1999 an sayar wa mutum wasa an sallame shi, na 2019 an buɗe masa shago a cikin ɗakinsa.

Iyaye da malaman da suka yaƙi gidajen gem a shekarun baya suna da hujja. Yara sun gudu daga boko da Islamiyya sun ɓuya a bayan labule. An taɓa kuɗin cefane, an yi ƙaryar kuɗin littafi. An sha jin kiran salla ana cewa a bari a ƙarasa zagaye ɗaya. Ƙa'idar nan ta wanda aka ci shi ke biya ma ba ta da nisa da caca, kuma wasu wuraren sun zama matattarar masu shaye-shaye. Akwai ma waɗanda fuskar katakon nan mai gashin tsuntsu da ke kare Crash, Aku Aku, ba ta kwanta musu ba, tunda a labarin kurwar wani boka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta amince a 2019 cewa jarabar wasan gem na iya kaiwa matsayin cuta.

Abin tambaya shi ne me ya maye gurbin. Gidan gem yana da ƙofa, yana da mai shi da aka san gidansu, yana da lokacin da man janareto ke ƙarewa. Uba ya san inda zai je ya kamo kunnen ɗansa. Wayar da ke ƙarƙashin matashi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da ita yaro ke wasa da mutanen da bai taɓa gani ba har tsakar dare, da ita ake tallata masa lu'ulu'un Free Fire, kuma a cikinta manhajojin caca suke, masu tseren karnuka da ƙwallon kwamfuta da ake kammalawa cikin 'yan mintuna. Wannan ma tsere ne a allo, amma mai kallo ba shi da sitiyari, kuɗinsa kawai ke gudu. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kuɗin datar ma ya zama wani nauyi a kan gida.

A yankin da matsalar tsaro ta taƙaita zirga-zirga, ta rage zuwa gona mai nisa da hirar dare a dandali, wurin da yara huɗu za su zauna a benci ɗaya a idon manya ba abin rainawa ba ne. CTR an gina shi don haka: allo a rabe, mutum biyu, ko huɗu idan akwai na'urar Multitap. Wanda ya harbe ka da roka yana gefenka, za ka zungure shi da gwiwar hannu, gobe kuma ku haɗu a makaranta.

Don haka maimakon hukumomi da masu unguwanni su riƙa kallon kowane gidan gem a matsayin abin rufewa, gara a raba shi da shagon caca, a gindaya masa sharuɗɗa: a rufe a lokutan boko da Islamiyya da salla, ban da yara bayan isha'i, ban da sa kuɗi a kan wasa, ƙofa kuma ta kasance a buɗe. Ƙungiyoyin matasa a Dabawa ko Kurfi, ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, za su iya riƙe irin wannan wuri da sola ɗaya da batir, tunda tsohuwar PlayStation ba ta cin wuta sosai, kuma PlayStation 2 na karanta faya-fayan ta farko.

Matsalar da ke gaba ita ce injinan kansu. Idon da ke karanta faifai yana mutuwa da tsufa, shi ya sa a da ake kifa na'urar ko a jingine ta a karkace don ta daure ta ɗauka. Masu gyaran da suka san cikinta yawanci sun koma gyaran waya. Akwai manhajoji irin su ePSXe da DuckStation da ke kunna wasannin PlayStation ta farko a wayar Android ba tare da data ba, kuma CTR na tafiya lafiya a kansu. Sai dai gilashin waya ba shi da maɓallan kafaɗa da yatsa zai ji, don haka zamiyar nan mai zabura uku ba ta samuwa yadda ya kamata sai an haɗa hannun gem. Raba allon waya gida huɗu kuwa, ko idon yaro ba zai gani ba.