Kafin ka sayi fitila, nemi farar takarda

Duk wanda ya taɓa matsar da kyamara kusa da zobe ko ɗinkin hula, ya haska da 'yar fitilar da ke jikinta, ya san abin da ke biyo baya: saman hoton ya ƙone fari fat, ƙasansa kuma inuwa ta cinye shi. Daga nan sai a ɗora wa fitilar laifi, a fara tara kuɗin sayen ta musamman. A ganina an yi gaggawar yanke hukunci.

Matsalar fitilar biyu ce: ƙanƙanta da mazauni. Hasken da ya fito daga ƙaramin wuri kaifi gare shi, kamar rana tsaka. Ranar da hazo ya rufe sararin sama kuwa, inuwa laushi take yi, domin hasken yana zuwa ta ko'ina. Sannan fitilar tana zaune bisa kyamara, don haka idan tazarar ta ragu zuwa kamar santimita 10, gilashin gaba ne da kansa yake tare hasken.

Farar takarda guda tana maganin duka biyun. Huda ta, ka zura gilashin a ramin, ka karkato samanta ta rufa bisa abin da za ka ɗauka. Fitila ta haska takarda, takarda ta zama hazonka. Wasu kan yanke gwangwanin Pringles, wanda cikinsa ke ƙyalli, su kai hasken har bakin gilashi, su rufe ƙarshensa da tishu.

Za a ce takarda tana cin haske. Gaskiya ne, amma kusanci yana biyan bashin: idan tazara ta ragu da rabi, haske yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa za ka iya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, wanda dole ne a hoton kusa, in ba haka ba gaban zobe ya fito tar, bayansa ya dushe. Walƙiyar kuma gajeriya ce ƙwarai, rawar hannu ba ta samun damar ɓata hoton.

Sai dai takardar ta kasance fara sol. Mai ratsin ruwan ɗorawa za ta sauya launin zare, kuma mai sayar da huluna a intanet ya san yadda ake ƙarewa da wanda ya ga kore a hoto, shuɗi ya iso masa.