Yaron da ya iya gaida mai gari, me ya hana shi iya rubuta masa?

Yaro ɗan shekara bakwai a Maraɗi ko Tawa ya san maganar da yake yi da abokinsa a filin ƙwallo ba ita zai yi wa kakansa ba. In aka aike shi ƙofar mai gari, zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce "ranka ya daɗe" kafin ya isar da saƙo. Ba wanda ya rubuta masa wannan a allo. Amma yaron nan ya yi shekara 6 daga CI zuwa CM2, ya ƙara 4 a kwaleji har ya samu BEPC, ka miƙa masa biro ka ce ya rubuta wa ma'aikatar magajin gari takardar koke, sai ya tsaya yana kallonka.

Laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne. Tun da ya shiga lakwal mutum ɗaya yake rubuta wa: malami mai jan biro. A dikte kuskure ake ƙirgawa, a rédaction maki ake nema. Malamin ya riga ya san amsar, don haka yaron bai taɓa tambayar kansa ba: wa zai karanta, me ya sani, me nake so ya yi in ya gama? Alhali rubutun da zai yi in ya girma duk a kan waɗannan tambayoyi uku yake tsaye.

A ce famfon makaranta ya lalace, gyaransa jaka 60. Takardar da za a kai ma'aikatar magajin gari tana son kwanan wata, sunan makaranta, yawan ɗalibai, ranar da famfon ya tsaya, kuɗin gyara da sa hannu. Saƙon da za a tura wa iyaye a WhatsApp kuwa, wanda wataƙila wani ne zai karanta wa wani, gajere ake so: sallama, famfo ya lalace, taro ranar Asabar bayan la'asar, kowane yaro ya zo da gorar ruwa. In wa ne da ke ci-rani a Agadas za a rubuta wa, sai an gaishe shi, an tambayi aiki, an ba shi labarin gida, sannan a kawo zancen gudummawa. Wanda ya buɗe masa da kuɗi ya yi rashin kunya. Wanda ya cika takardar hukuma da gaisuwar ƴan gida ya ɓata wa ma'aikaci lokaci. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Wani zai ce wannan ai koya wa yara baki biyu ne. A'a. Famfon ɗaya ne, jaka 60 ɗin ba ta zama 80 don an rubuta wa mai kuɗi ba. Abin da ke sauyawa shi ne abin da aka fara da shi, tsawon magana da irin ladabin da ya dace. Wannan ma darasin gaskiya ne a kansa.

Wani kuma zai ce aji ya cika, kaye ba ya isa, jarrabawa da Faransanci ake yi. Gaskiya ne. Sai dai aikin ba ya cin kuɗi. Sau ɗaya a mako malami ya kawo magana guda, ya raba aji uku, kowane rukuni da mai karatunsa. A karanta da ƙarfi, sauran su faɗi ko saƙon ya isa. Kuma a fara da harshen da yaron ya riga ya san ladabinsa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai harshe biyu a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Yaron da ya gane bambancin takardar hukuma da wasiƙar zumunci da Hausa, ba zai sha wuyar ɗaukar wannan zuwa Faransanci ba.

Mu malamai mu fara da kanmu. Sanarwar taron COGES da ake ba yara su kai gida cikin Faransancin ofis, uwa nawa ke gane ta? Ranar taro sai mu ce iyaye ba su damu ba.

Ku kuma iyaye, ko ba ku yi boko ba kuna da abin yi. In za a aika wa dangi saƙon suna ko ta'aziyya, ku sa yaro ya rubuta, ya karanta muku. In kun ji abin da ba a faɗa wa babba, ku ce ya sake. Kunnenku ya fi jan biro sanin wannan.