Ina Marasa Aikin Yi Suka Shiga?

A wannan makon alƙaluma za mu taɓa, don wasu daga cikin masu rubuta maƙala a nan zauren sun mayar da su kamar yaji, a barbaɗa a wuce.

Ga misali. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki a Najeriya ba su da aikin yi. A watan Agustan 2023 sai ta fitar da na farkon shekarar, kashi 4.1. Nan take aka rabu biyu, masu yabon gwamnati na tafi, masu suka na cewa ƙarya ce tsagwaronta. Mu dai a ganinmu duk sun yi gaggawa. Ba masana'antu aka buɗe ba, mudun awon aka canja. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Yanzu an bi tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: ko awa ɗaya ka yi cikin kwana bakwai don samun kuɗi, to kai ma'aikaci ne. Ke nan mai digirin da ke karɓar aron Keke Napep ran Juma'a, da matar da ke ƙulla gyaɗa a cikin gida, duk sun fita daga lissafi. A ƙasar da ba a biyan kowa kuɗin zaman banza, wa zai yi mako bai taɓa komai ba? Rahoton da kansa ya nuna sama da kashi 90 na ma'aikatan suna ƙananan sana'o'i ne marasa rajista, amma wannan layin ba ya shiga rubutun kowa.

Marubucin da ya jera 33.3 da 4.1 a jimla ɗaya bai faɗi haka ba, ya cuci mai karatu, ko da lambobin gaskiya ne.

Polly Hill, 'yar Ingila, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta bi manoma gida-gida, ta fitar da littafinta a 1972. Ta gano manoman ƙauye ɗaya ba ɗaya ba ne, wani na da rumbuna, wani ƙwadago yake yi a gonarsa. Mu da aka haife mu a cikin harshen, me zai hana mu tambayi masu shayi goma na unguwarmu awa nawa suke yi a mako, nawa suke komawa da shi gida?